Sabon FC, na bara, eFootball ko tsohon PES: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ƙanena ya shafe wata huɗu yana tara kuɗi daga aikin POS da yake yi a bakin titi. Ran nan bayan sallar isha'i ya same ni a tsakar gida, ya raɓa gefen tabarma ya ce, "Yaya, kuɗin sun kusa cika, sabon FC zan saya." Na ce, "To madalla. Da wa za ka riƙa bugawa?" Ya ce da abokansa mana, a ɗakinsa na zaure, daren Juma'a da na Asabar. Na ce, "A intanet fa?" Sai ya kwashe da dariya. "Haba Yaya, da wane sabis ɗin? Unguwar nan ko kiran bidiyo sai an hau katanga."

Bai sani ba, da wannan amsar ya riga ya yanke rabin hukuncin. Mafi yawan kuɗin da ake biya a sabon gem ɗin ƙwallo kuɗin wasan intanet ne na kaka guda. Wanda zai shiga wannan fagen, akwai abin da zai samu. Wanda wasansa bai wuce shi da abokai a gaban talabijin ɗaya ba, yana shirin biyan kuɗin abin da ba zai taɓa ba.

Ga wanda ya ɗan kwana biyu bai leƙa harkar ba: gem ɗin da muka saba kira FIFA ya canja suna. Kamfanin EA na Amurka da hukumar FIFA sun raba gari, FIFA 23 shi ne na ƙarshe da ya ɗauki sunan, daga 2023 aka koma EA Sports FC. FC 24 ya fito a watan Satumba na 2023, FC 25 a Satumba na 2024, FC 26 kuma ranar 26 ga Satumba, 2025. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Konami na Japan ya ajiye sunan PES a 2021, ya fito da eFootball wanda ake saukewa kyauta. Saboda haka zaɓin da ke gaban mai na'urar PlayStation, PS4 ko PS5, huɗu ne: sabon FC da zafinsa, FC na bara ko na bana bayan farashi ya faɗi, eFootball, ko kuma faifan PES 2021 wanda har yau ya ƙi mutuwa a gidajen gem.

Abin da zan auna su da shi

Na farko kuɗi, amma ba wanda aka rubuta a jikin kwali kaɗai ba. A haɗa da kuɗin rajistar intanet, da data, da man janareta, da abin da gem ɗin zai riƙa tatsa daga aljihu bayan an saya. Na biyu tsawon rai: wata nawa zai yi yana da amfani, kuma in ka gaji da shi akwai mai saye? Na uku sauƙi, wato ko zai tashi a irin wutarmu da irin sabis ɗinmu ba tare da an sha wahala ba. Na huɗu haɗari: ta ina za a iya cutar ka, ko ka cuci kanka. Daɗin wasa kuwa zan taɓo shi, sai dai ba zan yi alƙalanci a kai ba, don rigimar 'yan PES da 'yan FIFA ta girmi wasu da ke karanta wannan.

Sabon FC ranar da ya fito

Farashinsa a Amurka dala 69.99 ne, babban bugun da ake kira Ultimate Edition kuma dala 99.99. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 lissafin ya canja wa kowa. Mu ɗauki dala a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi: dala 70 ta zama naira 105,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Wato faifai ɗaya ya cinye albashin wata ɗaya da rabi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke samun kaya ta Faransa, yuro 79.99 ne a can, kusan jika 52 da rabi na sefa, kafin ɗan kasuwa ya ɗora nasa.

Ba a nan ta tsaya ba. A PlayStation ba ka isa ka buga FC da wani a intanet ba sai da rajistar PS Plus, wadda ƙaramin matakinta Sony ya mayar dala 79.99 a shekara a Amurka tun Satumba na 2023. Ga wata naira 120,000. An tashi 225,000 ke nan, ba a sayi data ba, ba a zuba mai ba. Kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, shi ya sa kusan kowa asusun Amurka ko na Ingila yake da shi, yana sayen katin kuɗi a hannun 'yan kasuwa, su ma da ribarsu a kai.

Yadda nake auna irin wannan kuɗi shi ne in raba shi da awannin da zan zauna a gaban gem ɗin. Mai buga awa ɗaya kullum na wata goma ya yi awa 300, kowace awa ta tashi masa naira 750. Magidancin da sai ƙarshen mako yake samun awa biyu, in ma uwargida ta bari, awarsa ta haura naira 2,500. Gem ɗaya ne, amma ba ciniki ɗaya suka yi ba.

To me ake samu? Sunaye da riguna na gaskiya, kuma a nan babu mai ja da EA. Firimiyar Ingila tasa ce, ga La Liga, ga Bundesliga, ga gasar Faransa da ta Saudiyya da ta Turkiyya, ga Kofin Zakarun Turai da ya dawo hannunsa tun FIFA 19. Za ka ɗauki Galatasaray ka ga Osimhen, ka ɗauki Fulham ka ga Iwobi. Akwai giɓi nan da can: a FC 25 Inter ta koma Lombardia FC, AC Milan ta koma Milano FC, saboda Konami ya ƙulla yarjejeniya da su, kamar yadda Juventus ta taɓa zama Piemonte Calcio daga FIFA 20 zuwa 22. Mai neman Kano Pillars ko Katsina United kuwa ya haƙura, gasar Najeriya ba ta ciki.

Sabon abin da ake ƙarawa duk shekara ba ya da yawa. FC 24 ya shigar da mata 'yan ƙwallo cikin Ultimate Team, sashen da ake haɗa kulob da katunan 'yan wasa. FC 25 ya kawo Rush, wasan biyar da biyar a ƙaramin fili. FC 26 ya raba salon wasa biyu, mai sauri don gasar intanet, mai natsuwa don wanda ke riƙe da kulob shi kaɗai. Mai PS4 ya lura da wani abu: fasahar motsin 'yan wasa da ake ta tallatawa, HyperMotion, ba ta cikin bugun PS4, sai PS5 da sabbin Xbox da kwamfuta. Kuma mai PS4 ba ya haɗuwa da mai PS5 a fili ɗaya sai in shi ma bugun PS4 ya kunna. In abokanka duk sun koma PS5, ka tambaye su tukuna.

Zuciyar sabon FC ita ce Ultimate Team, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan kuɗin mutane suke nutsewa. Tsarin ya samo asali tun 2009. Kana haɗa kulob ɗinka da katunan 'yan wasa, katunan kuma suna zuwa ne a ƙunshe, ba ka sanin wanda ke ciki sai ka buɗe. Ana iya samun ƙunshin da gumin wasa, ana iya saye da kuɗi ta hanyar FC Points, makin da kamfanin ke sayarwa a cikin gem. Cinikin biri a sama ke nan: ka biya kana fatan Mbappe, a ba ka mai tsaron baya na rukuni na biyu. Rahoton EA na shekarar kuɗi ta 2021 ya nuna Ultimate Team, a duk wasannin kamfanin, ya kawo dala biliyan 1.62. Ba daga sama kuɗin suka faɗo ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan ƙunshi caca ne, a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin a ƙasar. Wanda ke kaffa-kaffa da dukiyarsa ta fuskar addini ya kai maganar gaban malaminsa kafin ya sa kobo, don siffar abin ba ta ɓuya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk kulob ɗin da ka gina da kuɗi da rashin barci, ranar da sabon gem ya fito sai a koma sifiri. Katunan ba sa ƙaura. Daga baya ma rufe sabar ake yi, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa: a watan Nuwamba na 2023 aka kashe ta FIFA 18 zuwa 21 a rana ɗaya. Ta fuskar intanet, ran sabon FC bai wuce wata goma sha biyu ba, mai armashin ciki ma wata tara ne ko goma.

Sai batun wuta da sabis. Faifai ba ya raba ka da saukewa in dai intanet za ka shiga, dole sai ka karɓi kowane sabuntawa, wani lokacin gigabait da yawa a dare ɗaya. A kwamfuta kamfanin ma gigabait 100 yake cewa ka tanada. Ga shi a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Na taɓa sayen datar dare na kunna saukewa ƙarfe ɗaya, na zauna ina gyangyaɗi ina kallon layin yana tafiya kamar hawainiya. Ya kai kashi tamanin da wani abu aka ɗauke wuta. Kafin in tashi janareta, in sake haɗa waya da na'ura, lokacin datar ya ƙare, aka fara kiran assalatu. Wannan ƙaramin abu ne. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun kwashe fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki, ita kuwa rajistar PS Plus ƙirga kwanakinta take yi, ba ruwanta. PS5 tana jan kusan wat 200 in ana wasa, mai sola da ƙaramar inbata ya yi lissafinsa. In kuma sabis ya yanke ana tsakar wasan gasa, sau da yawa an ci ka ke nan. Ko bai yanke ba, jinkirin da ke tsakanin danna madanni da motsin ɗan wasa ya isa ya sa mutum ya yi jifa da pad.

FC na bara, ko na bana bayan an yi haƙuri

Babu kayan da farashinsa ke zubewa da sauri kamar gem ɗin ƙwallo. Ya fito a ƙarshen Satumba, zuwa ƙarshen Nuwamba lokacin rangwamen Black Friday ragin kan kai rabi, daga nan kuma sai ƙasa. Wata biyu kacal na haƙuri. Wanda ya ƙara jira yana iya samunsa a cikin rajista: Sony ya ba masu PS Plus FIFA 22 a watan Mayu na 2022, ya ba su FC 24 a Mayu na 2024. Ba kowace shekara ake yi ba, kada a dogara da shi. Akwai kuma EA Play, rajistar kamfanin EA, dala 5.99 a wata, wadda ke ba ka awa goma ka ɗanɗana sabon gem kafin ka saya. Gani ya kori ji. In kana da PS Plus, awa goma ta isa ka gane ko sabis ɗin unguwarku zai ɗauki wasan intanet, kuma da a yi asarar dala 70 gara ta shida.

Faifan bara na hannu shi ne ya fi arha a duk dangin FC. Da zarar sabo ya fito, masu tsohon sai su fara neman kai da shi, a shagunan gem na Kano da Kaduna da Abuja da kuma a zaurukan WhatsApp. Duk abin da ba ya buƙatar intanet yana nan daram: wasan mutum biyu, gasar da kuka shirya da kanku, da Career inda kake riƙe kulob a matsayin koci shekara da shekaru. Waɗannan ba sa mutuwa ko an rufe sabar. Kuma faifai dukiya ce: ana ara, ana musaya, ana sayarwa. Gem ɗin da ka saya ta intanet yana manne da asusunka, ba ka da yadda za ka yi da shi. A watan Satumba na 2023 EA ya kwashe tsofaffin FIFA daga kantunan intanet, masu faifai ko a jikinsu.

Aibinsa ɗaya ne babba: 'yan wasa suna tsofaffin kulob ɗinsu, rigunan ma na bara ne. Ana iya zama a sauya su da hannu ɗaya bayan ɗaya, aikin yammaci guda ne ga mai haƙuri, amma rigar ba ta canjuwa, yaron da ya fara tashe bana kuma mai yiwuwa ba ya ciki sam. In kana cikin waɗanda ganin ɗan wasa da rigar da ya bari ke ɓata musu rai, ka san kanka.

Haɗarin yana wajen saye. Kada ka karɓi faifai a leda ka tafi. Ka juya bayansa a haske ka duba karce, sannan a sa shi a na'ura a gabanka, ka jira ya gama shiga, ka buga wasa ɗaya cikakke. Faifan da ya lalace yakan fara shiga lafiya ya tsaya a tsakiya. Ka duba harshen da ke jikin kwali, don wani bugun na wata ƙasa ba ya ɗauke da sharhin da kake so, mai son Turanci ko Faransanci ko Larabci ya tabbatar tun a shago. Faifan PlayStation yana aiki a kowace na'ura ko daga ina ya zo, amma abubuwan da ake saya a cikin gem suna bin yankin faifan da na asusu, in suka saɓa sai a yi ta faman neman abin da aka biya. Sannan ka tabbata na'urarka tana da bakin faifai. Akwai PS5 da ba ta da shi, PS5 Pro ma haka ake sayar da ita, sai an sayi bakin daban.

Akwai wata arha da nake ja wa mutane kunne a kanta: masu sayar da asusu. Za a ce maka sabon FC a kashi ɗaya cikin uku na farashi, a ba ka imel da lambar sirri ka sauke. Na taɓa faɗawa. Mako uku ina wasa lafiya, ran nan na kunna na ga ɗan kwaɗo a jikin hoton gem ɗin, an kulle. Na kira mutumin, ya ce in ba shi zuwa gobe. Goben ke nan har yau. Asusu ɗaya suke sayar wa mutane da yawa, mai shi kuma yana iya canja lambar sirri duk lokacin da ya ga dama, ba ka da inda za ka kai ƙara don tun farko cinikin ya saɓa ƙa'idar kamfanin. Haka na'urar da aka yi wa kutse aka cika ta da wasanni: kayan sata ne, ba ta shiga wasan intanet, in an sabunta ta bisa kuskure komai ya tafi.

eFootball

Kyauta ne, kuma tun da kyauta ne ba ya buƙatar PS Plus kafin a buga a intanet. Wannan kaɗai ya sauke naira 225,000 daga lissafinmu na ɗazu. Yana kan PS4 da PS5 da Xbox da kwamfuta, yana kuma kan waya, inda a gaskiya mafi yawan samarinmu suke buga shi.

Ya shigo da ƙafar hagu. Ranar 30 ga Satumba, 2021 da ya fito, kulob tara kawai ake iya ɗauka, fuskokin 'yan wasa kamar an zana su a duhu, har ya zama gem mafi ƙarancin yabo a Steam, kantin wasannin kwamfuta na intanet, a lokacin, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. An gyara shi sosai tun daga nan, wanda ya yi fushi ya tafi a 2021 ya cancanci ya sake leƙowa. Ƙwallon tana da nauyi, ana gina hari a hankali, 'yan PES na asali za su ji ƙanshin gida.

Inda ya fi FC shi ne tsawon rai. Gem ɗaya ne ake ta sabuntawa, tun 2024 ma aka cire shekara daga sunansa, kuma 'yan wasan da ka tara a Dream Team, sashensa na haɗa kulob da katuna, suna bin ka daga kaka zuwa kaka. Inda ya gaza kuwa wuri biyu ne. Sunaye: yana da yarjejeniya da kulob irin su Barcelona da Manchester United da Inter da AC Milan, amma yawancin kulob ɗin Ingila da Sifen da sunan aro da rigar aro suke fitowa, magoyin bayan Real Madrid ko Chelsea zai ga 'yan wasansa cikin kayan da bai sani ba. Na biyu ya fi tsanani a wajenmu: an gina shi ne a kan intanet, in babu sabis abin da ya rage maka kaɗan ne. Master League da aka san PES da ita, inda kake riƙe kulob a matsayin koci, an yi alƙawarin za ta zo a 2023, shekarar ta wuce ba a gan ta ba.

Kyautar ma da ƙugiya a ciki. Manyan katunan tsofaffin taurari ta hanyar juya sa'a ake samunsu, da tsabar gem da ake saya da kuɗin gaske. Wanda ya gudo daga ƙunshin FC ya faɗo nan, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Sai dai a yi masa adalci: ana iya haɗa kulob mai ƙarfi ba tare da an kashe ko sisi ba, in mutum zai iya kawar da kai daga tallan da ke fitowa duk mako. Na san waɗanda suka iya, na kuma san wanda ya kashe a gem ɗin kyauta abin da ya fi kuɗin sabon FC.

PES 2021

Ya fito a watan Satumba na 2020, shi ne PES na ƙarshe. An cire shi daga kantunan intanet, an rufe wasansa na intanet, faifai kawai ya rage. Duk da haka shiga gidan gem a unguwa ka gani: benci biyu, talabijin uku, fanka tana juya zafi, yara sun yi layi a bayan masu wasa, wanda aka ci ya miƙa pad ya tashi, mai gida yana riƙe da littafi yana rubuta wanda bai biya ba. A yawancin irin waɗannan wuraren za ka tarar da shi a aƙalla na'ura ɗaya. Ba ya neman data, ba ya neman rajista, yana da Master League cikakkiya. A PS4 ana zuba masa fayil ɗin da ake kira option file ta filashi, sai sunaye da riguna da tambarin kulob su koma na gaskiya, kuma masoyansa suna ta fitar da na sabuwar kaka. Yana tashi a PS5 mai bakin faifai. A Xbox ba a iya shigar da hotunan riguna haka, mai ita ya sani.

Matsalarsa samu. Tun da ba a ƙara buga shi, faifai mai lafiya ya fara wuya, wani lokacin ma ya fi FC na bara tsada. Fuskokin sabbin taurari kuma sai dai a kamanta.

Wani ɗan abu da ke haddasa rigima a zaure: a PES madannin murabba'i ne bugun raga, da'ira kuma kuros, a FC akasin haka ne. Ɗan PES zai fuskanci gola shi kaɗai ya ɗaga ƙwallo zuwa tutar kwana, a yi ta masa dariya. Ana sauya wannan a saitin pad cikin minti ɗaya, kada ya zama dalilin ƙin gem.

| Ma'auni | Sabon FC | FC na bara, faifai | eFootball | PES 2021 |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | Dala 69.99 | Ƙasa da rabin sabo, gwargwadon ciniki | Babu | Ya danganta da samu |
| PS Plus don wasan intanet | Dole | Dole, amma fagen ya yi sanyi | Ba a buƙata | An rufe intanet ɗinsa |
| Cin data | Mai yawa | Kusan babu in ba a shiga intanet ba | Kullum, kaɗan-kaɗan, da manyan sabuntawa | Babu |
| Tsawon rai | Kaka ɗaya a intanet | Shekaru a zaure | Muddin kamfanin bai rufe ba | Muddin faifan na da lafiya |
| Sunaye da riguna | Na bana, kusan duka | Na bara | Wasu na gaskiya, wasu na aro | Sai an zuba fayil |
| Sake sayarwa | Faifai kawai, da faɗuwa | E, faɗuwa kaɗan | A'a | E |
| Babban haɗari | Ƙunshin kati, yankewar sabis | Faifai mai karce, asusun bogi | Juya sa'a | Tsada da ƙarancin faifai |

Kafin a biya ta intanet a san ƙa'idar mayar da kuɗi. Steam yana mayarwa cikin kwana 14 in ba ka buga fiye da awa biyu ba. Kantin PlayStation ma kwana 14 ne, amma da zarar ka fara saukewa ƙofar ta rufe, sai in gem ɗin ne ke da matsala. Biya tun kafin gem ya fito kuwa ban ga dalilinsa ba, kayan intanet ba ya ƙarewa a kanti.

Wa ya dace da wanne

In kana da PS5, da intanet mai ƙarfi wanda ka gwada da awa goman nan ka ga ba ya jinkiri, da wuta ko sola da za ta riƙe ka, kuma kusan kullum kake wasa da mutane a intanet, sabon FC ya cancanci kuɗinsa. A wajenka ma saye da wuri ya fi, don a watannin farko fagen yake cike. Ka yanke wa kanka iyaka a kan FC Points tun ranar farko, mafi kyawun iyakar kuwa sifiri.

Mai son rigunan bana amma ba ya gasa da kowa a intanet ya jira ƙarshen Nuwamba, ya sayi faifai, ya bar PS Plus.

Mai gidan gem lissafinsa daban ne, don shi jari yake zubawa. Yara suna bin inda aka ce akwai sabo, in maƙwabcinka ya sa kai ba ka sa ba za ka ga bencinka ya yi fili. Faifai ɗaya na sabon FC a na'urar da ta fi kyau ya wadatar, sauran a bar su da na bara da PES 2021, a ɗan bambanta kuɗin wasa.

Wanda aljihunsa ya yi ƙasa amma yana da sabis mai kyau, ko wanda waya ce kawai da shi, eFootball ne nasa, da sharaɗin ya iya kame hannu. Mai son zama shi kaɗai da dare yana saye da sayar da 'yan wasa, yana ɗaga ƙaramin kulob zuwa sama, ya nemi PES 2021 ko Career na kowane FC da ya samu da arha. Uban da yaro ya dame shi ya sayi faifan bara, ya buɗe wa yaron asusun yara a ƙarƙashin nasa inda ake ƙayyade abin da zai iya kashewa a wata, kada kuma ya bar katin banki a jikin na'ura. Wanda kuma sau biyu ko uku a wata yake taɓa pad, kada ya sayi komai, ya je gidan gem ya biya na wasa uku ya dawo gida.

Ƙanena yana cikin masu zaure da daren Juma'a, PS4 ce da shi, sabis kuma sai an hau katanga. Mun je tare ranar Asabar, aka sa faifan FC 25 na hannu a gabanmu, ya buga da yaron shagon aka ci shi uku da ɗaya, ya ce pad ɗin ne ba shi da kyau. Da canjin ya sayi pad na biyu, don nasa na da yana jan ɗan wasa hagu shi kaɗai, sauran kuma ya mayar cikin jarin POS ɗinsa.